Babin da Ban Tambaya Ba

Asabar, da hantsi

Jiya aka kawo mini jikata, ita da akwatin kaya ɗaya da buhun littattafai. Buhun ya fi akwatin nauyi, na ɗaga na ji. Ubanta ko zama bai yi ba. A bakin ƙofa ya tsaya da makullin mota a hannu, ya ce ga ta nan, jarrabawar fita sakandare ta ƙarato, don Allah a bar ta ta yi karatu. Sauran maganar a kan matakala muka yi ta, murya ƙasa-ƙasa, kuma a kan matakalar na bar ta.

Abin da aka gaya wa yarinyar shi ne uwarta ta yi tafiya, ubanta zai bi ta. Ba ƙarya ba ce. Tafiya ce.

Na ba ta ɗakin da keken ɗinkina yake. Tun da ido ya ce in huta ban sake taka shi ba, yanzu ga shi ya samu aiki, an mai da shi tebur. Tabarau nake ce mata tun tana 'yar mitsitsiya, don gilashinta ya riga fuskarta girma. Ita kuma Tsoho take ce mini, ko kunya babu.

Makarantar jinya take so. Ƙofar makarantar kuwa Bayoloji ne, shi ne kuma ya kayar da ita a gwajin zangon da ya wuce. In ya sake kayar da ita, shekara guda ta tafi a banza. Wannan ne aikin da aka ba ni, ni da ban wuce firamare ba.

Lahadi, da yamma

Yini na yi ina kallon yadda yaran yanzu ke bita. Tana da wasu alƙaluma masu launi, tana bin layi tana shafawa. Na leƙa, na ga shafin gaba ɗaya ya koma rawaya kamar an fasa masa ƙwai. Na tambaye ta amfanin fentin, ta ce abu mai muhimmanci take yi wa alama. Na ce to ashe gefen takardar ne kawai ba shi da muhimmanci. Ta harare ni ta saman gilashi.

Na ce ta gaya mini abin da ta karanta tun safe. Ta ce ai sauƙi ne, ta kai hannu za ta buɗe littafin. Na ɗora tafina a kai. Ta ɗaga kai tana kallon agogon bango.

"Wallahi na san shi, Tsoho. In na gan shi na san shi."

"Ni ma in na ga mai gyaran famfo na san shi. Sunansa ne ba ya zuwa in famfo ya fashe."

Abin ya tsaya mini a rai. Yaya mutum zai karanta abu sau biyar, ransa ya ba shi cewa ya iya, a rufe littafi kuma kai ya zama fanko? Ashe ido ma yana yi wa mai shi daɗin baki.

Talata, da safe

Ubanta ya kira. A kan matakala na ɗauka. Babu wani sabon abu, in ji shi.

Laraba, bayan ta dawo daga makaranta

Kakata na tuna. Ita ba ta ba da tatsuniya kyauta. Kafin ta buɗe sabuwa, sai ɗayanmu ya maimaita ta jiya da bakinsa, in ya yi tsallake ta tare shi: to, ina ka baro kurar? Da akwai waɗanda har yau ina iya kawo su daga kai har wutsiya, alhali abin da na ci jiya sai na yi tunani.

Na ce wa Tabarau mu gwada. Ta karanta babi, ta rufe, ta zo ta ba ni labarinsa kamar ban san komai ba, wanda kuwa gaskiya ne. Ta zaɓi zagayawar jini. Ta fara da ƙarfinta: jini ya shiga zuciya ta dama. Na ce daga ina ya fito? Ta faɗa. Na ce sai ya yi ina? Huhu. Me ya kai shi huhu, bashi ake bin sa? Ta yi dariya, ta ce iska ya je ɗauka. Na ce to da ya ɗauko, ta wace ƙofa ya koma? Nan aka tsaya. Ta buɗe littafi, ta duba, ta rufe, ta sake ɗaukowa daga farko.

Sai da muka gama take gaya mini ai malamarsu ta Bayoloji tun farkon shekara take cewa su riƙa rufe littafi suna tambayar kansu, babu wanda ya kula, don fenti ya fi daɗi. Na ce ai kullum haka ne, magani mai ɗaci shi ake mantawa a aljihu.

Ni dai na ƙaru. Shekaruna duka da zuciya a ƙirjina, ban san ɗakuna huɗu gare ta ba. Ta fi gidan nan.

Asabar, da hantsi

Muna shan shayi na jefa mata tambayar zuciya. Ta ce ai mun gama wannan. Na ce ni ban gama ba. Rabi ya zo, rabi ya maƙale, ta yi ta buga cokali a kofi har ta ciro shi da ƙyar. Na lura wanda ta sha wuya kafin ta ciro, shi ne daga baya ya zo da gudu.

Malamar ta ce musu a koma wa abu bayan kwana ɗaya, a sake bayan 'yan kwanaki, a sake bayan mako, kada a jira sai daren jarrabawa a ɗura shi kamar ana cika buhu. Don haka yau muka zauna aiki. Na fito da tsofaffin kwalayen da nake yanka samfurin riga, na wasa almakashi, na yayyanka mata su ƙanana. Tambaya a gaba, amsa a baya. Na zazzage gwangwanayen maɓallai guda uku. Wanda ta amsa ba gargada ya shiga gwangwanin 'yan gida, sai an kwana biyu a gaisa. Wanda ta yi in-ina ya shiga na baƙi, a duba shi jibi. Wanda ya gagare ta ya shiga na abokan gaba, su kullum ake fita yaƙi da su.

Ni ke girgiza gwangwani in ciro, don haka hanta kan biyo bayan ganye, ganye ya biyo bayan ƙashi. Ta ce ina rikita ta. Na ce mai jarrabawar ma ba ɗan uwanki ba ne.

Maɓallan suna cikin kwano a kan firij. Ban san inda zan kai su ba.

Litinin, da yamma

Yau ta buɗe wani babi mai hoton abu biyu kamar ƙwayar wake. Na ce bayana na ciwo, mu bari sai gobe.

Talata, da yamma

Mun yi huhu. Mun yi tsutsar ciki, abin ƙyama, amma na yi tambaya har ta gaji da ni. Da ta juyo wajen waken nan na tuna ban sayo burodi ba.

Ta ce mamanta saƙo kawai take turowa, ba ta kira. Na ce wataƙila inda suke layin ba shi da kyau. Ba ƙarya ba ce, wataƙila na ce.

Juma'a, da azahar

Shekaranjiya aka yi musu gwajin ƙarshe a makaranta, irin na gaske, da agogo da mai sa ido. Ta fita tana tsalle. Yau sakamako ya fito, ta shigo ba sallama, ta ajiye jaka, ta ce malama na son ganin wanda ke koya mata karatu a gida. Ta faɗi kalmar koyarwar da wata irin murya.

Na ciro rigata mai kyau na rataye, sai Litinin.

Litinin, da hantsi

Ofishin malamai ɗaki ne dogo, fanka ɗaya na juyawa kamar ba da son ranta ba, kowane tebur da tulin littattafan yara. Malamar ba ta kai ɗana shekaru ba, ga alli a hannun rigarta. Ta ba ni kujerarta, ita ta zauna a kan benci, ta shimfiɗa mini takardar Tabarau.

Tambaya ta farko maki biyu ce: a kawo ayyuka biyu na jini. Jikata ta cika shafi guda da rabi. Ta ɗauko jini tun daga babban yatsan ƙafa, ta raka shi zuciya, ta kai shi huhu ya sha iska, ta dawo da shi, har da cewa sai ya ga ƙofa ta rufe a bayansa. Na gane muryar. Tawa ce. Kafin ta kai rabin takarda lokaci ya ƙare.

"Baba, ilimin ya shiga, ban taɓa ganin ta riƙe abu haka ba," in ji malamar. "Amma mai ba da maki ba shi da lokacin hira."

Na ce laifina ne, ni a gidanmu ba a kai wa magana ta hanyar da ta fi kusa. Ta yi dariya, ta ce kada mu daina, ƙari za mu yi. Yarinya ta fara duba makin tambaya kafin ta ɗora alƙalami. In an ce kawo, ta jero kawai. In an ce bayyana, sannan ta buɗe baki. Ta ba ni tambayoyin shekarun baya da takardar da ke nuna yadda ake raba maki, ta ce a yi su da agogo, yarinya ta duba da kanta, duk inda ta faɗi ta yi masa sabon kati.

Ni tela ne, na gane. Mutum ya ce ka ɗinka masa hula, ka kawo masa riga har ƙasa, komai kyanta ba zai biya ba.

Har na miƙe ta ce akwai tambaya ɗaya da yarinyar ta tsallake tun da sauran lokaci, ko kalma ba ta rubuta ba. Ta nuna mini da jan biro. Na ce ido ba ya gani sosai. Ta tambaye ni maman yarinyar, wai ta kwana biyu ba ta gan ta ba. Na ce ta yi tafiya.

Laraba, da yamma

Na sauko da agogon bango na jingina shi a kan keken ɗinki. Ni ne mai sa ido. Na goya hannu a baya ina kai da komo, ina leƙa ƙarƙashin kujera ko ta ɓoye satar amsa. Ta ce in ban daina ba za ta kai ƙarata.

Sabuwar doka: ta ba ni labarin da tsawonsa yadda muka saba, sannan in ɗaga almakashi sama in ce yanke, ta faɗe shi a numfashi ɗaya. Na farko ya fi daɗin ji. Na biyu ne ke kawo maki. Abin mamaki, in ba ta iya dogon ba, gajeren ba ya fitowa daidai. Sai an san yadi kafin a san inda za a sa almakashi.

Alhamis, da safe

Ubanta ya kira sau biyu. Ya faɗi wasu kalmomi na likitoci, na ce to, to. Ban gane ko ɗaya ba, ban kuma tambaya ba. Ni da nake tambayar abin da tsutsa ke ci.

Asabar, da la'asar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina zaune ina ware maɓallai, don hannu ya samu abin yi, ta zo ta juye gwangwanin abokan gaba a gabana. Ta jera katunan a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Duk na babi guda ne.

"Tsoho, ka tambaye ni hanta. Ka tambaye ni huhu. Har tsutsa sai da ka tambayi ko tana barci. Me ya sa duk ranar da na buɗe ƙoda bayanka ke ciwo?"

Na gyara zama. Na ce ai da can an yi wani mutum mai 'ya'ya uku.

"Maki biyu ne, Tsoho. Yanke."

Na yanke. Layi biyu ne. Na farko asibitin da uwarta take kwance da abin da ake yi wa ƙodarta. Na biyu cewa ban san yadda za ta kaya ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta cire gilashi ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta tattara katunan. A bakin ƙofar ɗaki ta ce gobe za ta tafi, jarrabawa ta ci kanta.

Abin da babba ya hango, wai yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ya yi wannan karin maganar bai zauna da jikata ba.

Lahadi, da sassafe

Akwatin yana bakin ƙofa.

Na kira ubanta. Ya ce, Baba, abu ɗaya na roƙe ka. Na ce na sani.

Lahadi, da yamma

Ban ɓoye makulli ba, ban kuma yi mata wa'azi ba. Ta fito da takalmi a ƙafa, na ce zan raka ta tasha, amma kafin nan ina da tambaya, kuma ba ta jarrabawa ba ce. Na ce mako nawa ubanki na gaya mini ana ɗora mamanki a kan na'ura, ina cewa to. Mece ce na'urar nan take yi mata? Me ya lalace da har sai ƙarfe ya karɓi aikinsa?

Ko dabara ce na yi don in tsayar da ita? Na tambayi kaina. Wataƙila kashi ɗaya dabara. Sauran, Allah ya sani, so nake in sani.

Ta tsaya da hannu a kan akwati. Ta ce tace jini take yi. Na ce tace shi daga me? Ta fara, ta maƙale. Ta sake farawa, ta maƙale a wuri ɗaya. Sai ta ja tsaki, ta kwance buhu, ta zauna a ƙasa da takalminta, ta karanta, ta rufe, ta ɗago.

Ba mu yi dariya ba yau, amma ban taɓa yin tambayoyi irin na yau ba. Me ya sa biyu ne? In ɗaya ta gaji ɗayar ba ta isa ba? Ina dattin yake zuwa? Me ya sa aka hana ta shan ruwa da yawa? Wasu ta amsa. Wasu ta ce babu a littafinsu, ta rubuta su a bayan kati. Da muka ɗaga kai motar yamma ta riga ta tashi.

Ita ta kira da kanta. Aka ba uwar waya. Na fita matakala, wannan karon don in ba su wuri. Da na dawo idonta ya yi ja, ta ce Mama ta yi mata faɗa, wai wa ya ce ta ɗaure akwati, kuma wai likitocin nan in sun zo kanta da junansu suke magana, tana so a samu mutum ɗaya a gidan da zai riƙa gaya mata abin da suke cewa, mai takarda, ba mai rabin takarda ba.

Na ce to me kika ce? Ta ce ta ce to.

Talata, da safe

An fara jarrabawa. Lissafi yau. Akwatin bai bar bakin ƙofa ba. Kullum ta ciro kayan da za ta sa, ta wanke na jiya ta mayar ciki. Ina kewaye shi in wuce.

Juma'a, da yamma

Bayoloji ne na ƙarshe a takardunta. Tsakanin kowace jarrabawa muna girgiza gwangwani. Na abokan gaba ya kusa zama fanko, yau kati biyu kawai suka yi ƙara a ciki. Ta yi tambayoyin wata shekara da agogo ta gama har da saura, ta duba da kanta, ta hana kanta maki ɗaya wanda da ni ne da na ba ta. Na ce rowa har ga kanki? Ta ce mai makin ba kakanta ba ne.

Yanzu a falo nake ɗaukar waya. Jiya an ce da sauƙi. Yau an ce sai a hankali.

Laraba, da azahar

Na ja akwatin har ƙofar makaranta, na zauna a bencin mai shayin da ke tsallaken titi. Ya tambaye ni ko tafiya zan yi, na ce jira nake. Iyaye da yawa a wurin, kowa na kallon ƙofa kamar kallon zai ƙara wa ɗansa maki.

Ta fito cikin na tsakiya, ba gudu ba jan ƙafa. Na ce yaya? Ta ce ta gama, har ta koma ta duba. Zuciya ta fito, maki biyu, ta ba su layi biyu, jinin ko yatsan ƙafa bai leƙa ba. Na ce babin namu fa?

"Ko tambaya ɗaya, Tsoho. Ko ɗaya ba su yi ba."

Muka kalli juna. Sai dariya ta kama mu a bakin titi, irin wadda ke ƙarewa da share ido, har mai shayi ya ce lallai jarrabawa ta yi daɗi.

A tasha na samo mata wajen taga. Katunan da ta rubuta tambayoyin da babu a littafi suna aljihun jakarta, ta ce likitan farko da ya shigo ɗakin zai gane kurensa. Gwangwanayen kuwa ta ce in ajiye, kada in kuskura in mayar da maɓallai ciki.

Alhamis, da hantsi

Ta isa. Ta ce Mama ta rame amma bakin na nan.

Na mayar da agogo bango. Ɗakin ya yi faɗi. Sakamako sai nan da wasu watanni, ɗaya sakamakon kuma babu wanda ya sa masa rana.

Na zauna a gaban keken, na girgiza gwangwani, na ciro ɗaya. Da rubutunta: kawo ayyuka biyu na ƙoda. Na rufe ido. Ɗaya ya zo, ɗayan ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Na juya katin na gani.

Na sa shi a gwangwanin baƙi. Jibi ma sake gaisawa.